Hannun Ɗan Fari

Malam Zakariya ya san makarantar da ta dace. Gara a fara da wannan, domin daga baya ya sha gaya wa mutane cewa shi manomi ne, ina shi ina sanin harkar mota. Ya sani sarai. Da ƙafarsa ya je birnin Madani, da idonsa ya gani.

A shekarun nan na sittin, samarin ƙauyensu da ke bakin magudanar ruwan noma ta yankin Jazira ba su da hira sai ta lori. Auduga ta ishi kowa. Salihu, ɗan farin Malam Zakariya, saurayi ne dogo mai sanyin hali, kuma tuƙi ya shiga ransa ƙwarai. Bai faɗa wa mahaifinsa ba, don babu hanyar faɗa. Ya gaya wa ƙanwarsa Sakina, ita ta gaya wa mahaifiyarsu Rabi'atu, Rabi'atu kuma ta kawo maganar tare da kwanon tuwo, tana kallon bango.

"Yaron ga wai tuƙi shika so."

Malam Zakariya ya ce, "To," ya ci gaba da cin tuwonsa. Tun ranar suna bakinsa bai taɓa furta sunan yaron ba, bai taɓa zama da shi a tabarma ɗaya ba, bai taɓa tambayarsa ya jiki ba. Kunyar ɗan fari ke nan, kuma a ƙauyen an san ba wanda ya kai shi riƙe ta. Ana yabonsa a kai, shi ma kuwa yabon yana masa daɗi.

Amma yana son yaron, so mai tsanani. Shi ya sa ya ƙirƙiro ciwon ido ya shiga motar Madani, wai za shi neman magani. A tashar lori ya zauna wurin mai shayi, yana tambayar direbobi ɗaya bayan ɗaya inda suka koya. Waɗanda motocinsu ke da tsafta, yaran motarsu kuma da alamar ƙoshi, suna ɗaya suka riƙa ambata: Usta Usmanu, Bahaushe, can bayan kasuwar hatsi.

Ya sami wurin. Fili ne babba, an jera gangunan mai, wata lori tana kewaya su a hankali, saurayi riƙe da sitiyari, malami zaune a gefensa. An ciro wani inji an ɗora a kan benci, samari sun kewaye shi. A gaban wata lorin kuma wani ɗalibi ya zura manafila, ƙarfen da ake murɗawa a tayar da inji, zai murɗa. Sai ga wani gajeren dattijo ya ɗaka masa duka a bayan hannu.

"Cire babban yatsa! Sau nawa zan hwaɗi? Kak ka kewaye ƙarhen da shi, aje shi gefe guda da sauran. Manafila harbi takai awa jaki. In ta dawo ta iske hannu buɗe, ta wuce abinta. In ta iske shi damƙe, ta tahi da shi. Sake!"

Wannan shi ne Usta Usmanu. Da ya hango baƙo tsaye a ƙofa ya zo suka gaisa, ya zaga da shi ko'ina. Ya ce shi ba ya kai ɗalibi gwajin lasisi sai ya tabbata zai iya ba shi motarsa da iyalinsa a ciki.

"Ɗanka na?"

Malam Zakariya ya sunkuyar da kai. "Wani yaro na dai, a gidanmu."

Usta ya yi dariya. "Na hwari ke nan. Kawo shi in an ƙare tsintar auduga."

Ya koma gida da kwalbar maganin idon da ba ya bukata, zuciyarsa fari tas. Bai gaya wa kowa inda ya je ba.

Ana cikin tsintar auduga wansa Abdulganiyu ya iso daga garin Makwar. Yana da tsohuwar lori guda da ke ɗauko gawayi da dawa daga Dindir, kwanan nan kuma ya sa an rubuta allo an kafa a ƙofar garejinsa, wai makarantar koyon tuƙi. Shi ya yanka ragon sunan Salihu, don haka a al'ada maganar yaron tasa ce. Ya zauna a zaure, ya kurɓi shayi, ya ce:

"Na ji ɗana na son tuƙi. Halas, magana ta ƙare. Shi haɗa kayanai, gobe mu wuce."

Malam Zakariya ya gyara zama. "Yaya, na ji ana maganar wani Usta a Madani..."

"Madani? Ga mota a gida? Mutane su ce mi, Abdulganiyu na da makaranta amma an kai ɗanai wurin bare?" Ya ajiye kofin. "Tsaya ma tukuna. Yaushe ka hwara shiga maganar yaron ga? Ɗanka na ko ɗana?"

Dattawa biyu da ke zauren suka yi dariya, Malam Zakariya ma ya taya su, fuskarsa na zafi. Ya ce, "Naka na, Yaya." Maganar ta ƙare a nan. In za a faɗi gaskiya duka, akwai wani lungu a zuciyarsa da ya ji sanyi, don abin da ya tanada saboda Madani zai zauna a aljihunsa. Kafin damina ya rufa ɗakinsa da kwano.

Salihu ya tafi yana murna. Da ya zo sallama ya durƙusa daga nesa, mahaifinsa ya ce wa iska, "Allah shi kiyaye."

Makarantar Baffa Abdulganiyu allon nan ne kawai. Abin da ke bayansa dako ne. Salihu ne mai loda buhunan gawayi da sauke su, shi ne mai ɗebo ruwan inji, mai wanke rigar direba, mai dafa masa abinci a gefen hanya. In mota ta kafe a laka shi zai shiga ƙarƙashi ya haƙa, ya shimfiɗa ƙarafuna a gaban taya, in ta fizga ya kwashe su ya bi ta da gudu ya ɗare. Gaban mota na direba ne da fasinjan da ya biya. Wurin Salihu can saman kaya ne, rana ta ƙare a kansa.

Lorin takan ratsa ta ƙauyen jefi-jefi. Duk zuwa sai Malam Zakariya ya ga yaron ya ƙara ramewa, gawayi ya shiga fatarsa har wanka ba ya fitarwa. Yakan gani ta wutsiyar ido, ya ci gaba da jan carbi. Sakina ce ke shigowa da labari, ita kuwa bakinta ba ya da murfi.

"Baba, wallahi ko sitiyari bai taɓa riƙewa ba. Sawwag ɗin, direban nasu, ya ce in ya koya mai, Baffa zai kore shi shi ba Yaya Salihu motar."

"Ke, wa ya tambaye ki?"

Sau ɗaya ya yi ƙarfin halin cewa wansa, "Karatun na tahiya dai?" Abdulganiyu ya ce kowane direba da ka gani daga saman kaya ya faro, yaran yanzu ne ke son su hau kujera tun ba su san nauyin buhu ba. Malam Zakariya ya ce gaskiya ne. Kaka ta wuce, rani ya wuce, ba a sake tada zancen ba.

Wata safiya lorin ta zo kwasar dawa a ƙofar gidansa. An gama lodi, mutane sun taru, Abdulganiyu na tsaye yana ba da umarni. Direba ya danna sitata, inji ya yi tari ya mutu. Ya leƙo ya daka tsawa, Salihu ya zaro manafila ya zura a gaba, ya tofa yawu a tafinsa, ya damƙe ƙarfen da hannun dama. Babban yatsansa ya kewaye shi ruf.

Malam Zakariya yana tsaye kusa, kusa ƙwarai. Ya ga yatsan. Muryar Usta ta dawo masa kamar yanzu ake faɗa, har bakinsa ya buɗe. Amma da me zai kira shi? In ma ya ce "kai", idon jama'a zai juyo, a ga Malam Zakariya yana rawar jiki a kan ɗan fari, kuma a gaban wansa, mai makaranta. Za a tambaye shi inda ya san wannan. Ya mai da bakinsa ya rufe.

Salihu ya murɗa, inji ya kama lafiya lau. Malam Zakariya ya sauke numfashi, ya ce a ransa, ka gani, ba komai, dama tsoratarwa ce irin ta malamai. Ya yi niyyar zai sa a gaya wa yaron in sun sake zuwa. Da suka sake zuwa yana gona.

Cikin damina abin ya faru, a hanyar Dindir. Mota ta mutu a tsakiyar laka, Salihu ya murɗa, manafila ta dawo. Wani mai kanti da ke cikin motar ne ya kawo labari ƙauye, ya ce ƙarar ƙashin har saman kaya an ji ta. Ba a kai shi asibiti ba, don kaya na jira kuma hanya ba ta biyuwa. Wani maɗori a ƙauyen da ke kusa ya ja hannun, ya ɗaure da karare da tsumma tamau. Da suka koma Makwar yatsun sun kumbura sun yi baƙi, Abdulganiyu ya ce haka ɗori yake yi. Ba a daɗe ba ya mai da shi saman kaya, wai zama ne ke sa ciwo ya yi nauyi, ai hagunsa lafiya take.

Rabi'atu ta daina cin abinci sosai. Ita ma ba ta da bakin magana, don kunyar uwa ta fi ta uba tsanani. Ta dai ce, "Ko za a aika a gano shi?"

"Shina hannun Baffanai," in ji Malam Zakariya. "In na aika, cewa za a yi ban yarda da riƙon ba."

Ya faɗi haka, ya fita masallaci, ya yi sallar da bai san abin da ya karanta a cikinta ba. Yatsan nan a kan ƙarfe ya hana shi sakat, a gona, a kasuwa, a kan tabarma. Amma bai aika ba.

Sai da babbar salla Salihu ya zo gida. Ya saka hannun dama a aljihun jallabiya, ya gaida kowa da kai. Da aka fito da abinci samari suka kewaye tire suna kiransa, ya ce ya ƙoshi. Da azahar Malam Zakariya ya zaga bayan rumbu zai ɗauko igiya, sai ya tarar da shi tsugune da ɗan kwano. Yana ƙoƙarin yanko loma da dama. Hannun ya karkace daga wuyansa, ya tsotse, yatsun sun lanƙwashe ba sa haɗuwa. Tuwon ya zame ya faɗi ƙasa. Ya sake gwadawa, ya sake zamewa. Sai ya waiga hagu da dama, ya yi bisimilla a hankali, ya sa hannun hagu.

Malam Zakariya ya ja da baya ba tare da yaron ya gan shi ba. Ƙafafunsa suka kai shi ɗakin Rabi'atu. Kallo ɗaya ta yi masa ta gane.

"Ka gani ke nan."

"Na gani."

"Ni tun jiya nig gani, da zai yi alwala." Wannan karon ba ta kalli bango ba. "Malam, ni mace ta, an ce in na nuna shi na yi abin kunya, na haƙura. Kai da kake namiji, kake zama zaure da maza, wa ya ɗaure maka baki?"

Da ta san abin da ya gani a Madani, da abin da ya gani a ƙofar gida, da tambayar ta fi haka zafi.

Da la'asar ya sami wansa a zaure shi kaɗai. Ya daɗe yana kewaye-kewaye kafin ya ce, "Yaya, hannun yaron ga..."

"Ƙaddara ta," in ji Abdulganiyu, ko gezau. "Kai malami na, ka fi ni sani. Kuma yaron ba shi da natsuwa, kullum hankalinai na wurin sitiyari. Ni nas san abin da nir rasa, motata ta kwana cikin laka saboda shi. Na ciyar da shi, na biya mai ɗori, ban nemi kowa shi taimake ni ba. Yanzu kuma tuhumata za a yi?"

"A'a, Yaya, wane ni."

"To. Shi zauna gida shi huta, na samu wani yaron."

Malam Zakariya ya ji bakinsa yana cewa, "An gode, Allah shi bar zumunci." Dattawan da suka shigo daga baya suka ji yadda aka yi, suka jinjina masa. Suka ce wani ne da an ji kansu da ɗan'uwansa, amma Malam ko uffan, irin mutanen da ke nan. Hannun saurayi ya tafi, ba wanda ya ɗaga murya, ba wanda ya ɓata da wani, kowa ya tashi daga zauren da mutuncinsa cikakke.

Bayan salla ya ce wa Sakina ta gaya wa yayanta ya shirya, za su Madani. Ba su taɓa tafiya tare ba. A mota uban ya zauna gaba, ɗan ya zauna can baya.

Likita ya juya hannun, ya soka allura a yatsu yana tambaya ko ya ji, Salihu yana girgiza kai. Ya ce ƙashi ya haɗe a karkace, ɗaurin kuma ya kashe jijiya. Da an zo da wuri da akwai abin yi. Ya tambayi dalilin da ya sa ba a zo ba, Malam Zakariya ya ce damina ce.

Da suka fito bai nufi tasha ba. Ya bi ta bayan kasuwar hatsi, Salihu na biye da shi. Shi kansa bai san abin da yake fata ba. Wataƙila dai mutumin da ya san mota haka ya san wata dabara.

Filin na nan yadda yake, lori na kewaya ganguna. Salihu ya tsaya cak a ƙofa. Ya ga saurayi kamarsa a kan kujerar direba, malami a gefe yana nuna masa da hannu, ba tsawa ba zagi. Ya kasa ɗauke ido.

Usta Usmanu ya saurari bayanin, ya kama hannun ya duba. Ya buɗe ƙofar wata lori ya ce Salihu ya hau. Karon farko ke nan da ya zauna a wannan kujera. Ya shafa sitiyarin da hagu, a hankali.

"Riƙe da dama kaɗai, hagu na kan giya. Juya."

Salihu ya ɗora hannun. Ya cije leɓe, ya tura da kafaɗa, gumi ya keto masa. Yatsun suka zame. Ya sake, suka zame. Ya ce, "Usta, bari in sake, wallahi ina iyawa."

"Sauko, ɗana." Muryar dattijon ta yi laushi. "Ma'alesh, yi haƙuri. Ko na koya maka, ba mai ba ka ruksa, lasisin tuƙi, da hannun ga. In ma an ba ka, ran da mota ta ƙwace da mutane a baya, mi za ka riƙe ta da shi? Manafila ta, ko? Ba wanda ya hwaɗa maka a cire babban yatsa?"

"Ba wanda ya hwaɗa min."

Usta ya juya ga uban, ya ƙura masa ido, sai ya tafa hannu. "Af! Ba kai na kaz zo bara waccan ba? Mai yaro a gidansu! A nan kat tsaya ina dukan wani a kan maganar ga. Na yi ta jiranku, ya Malam. Mi ya hana?"

Malam Zakariya ya ce, "Allah bai nuhwa ba."

Usta ya dube shi, ya dubi Salihu, ya koma wurin ɗalibansa.

Suka taka zuwa tasha. Motar ƙauyensu ba ta cika ba, suka tsaya a inuwar wani bango, da ɗan tazara a tsakaninsu kamar yadda aka saba. Malam Zakariya yana jiran fushi. Ya ma fi son fushin, ko zagi ne, ko kuka, wani abu dai da zai sa ya ji an fara biyansa.

"Baba."

Rabon da yaron ya yi masa magana kai tsaye tun yana ƙarami.

"Ashe ka taɓa zuwa nan."

"Na zo."

"Saboda ni?"

Malam Zakariya ya gyaɗa kai. Wani abu kamar murmushi ya gifta a fuskar Salihu, ya ɓace.

"Ran da munka zo kwasar dawa, kana tsaye kusa da ni. Ka ga yadda nir riƙe ta?"

Ƙarya tana nan a kan harshensa, mai sauƙi, kuma ya san yaron zai karɓa ya rufa masa asiri. Ya haɗiye ta.

"Na gani."

Da Salihu ya yi magana, babu zafi a muryarsa ko kaɗan, ladabi ne zalla, irin wanda aka koya masa a gida.

"Ai ba sai kai ba, Baba. Na san ba ya kamata ka yi min magana cikin mutane. Ko yaro ka aiko shi raɗa min."

Yaron mota ya fara kiran fasinja. Salihu ya sunkuya ya ɗauki jakar mahaifinsa da hannun hagu, ya ja gefe ya tsaya, yana jira uban ya wuce gaba.